Tallan bana (banner) a intanet: akwai wanda ya taɓa gwadawa a Zariya ya ga ciniki?

Mai_Yadi_SabonGari:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina sayar da shadda da yadi da atamfa a kasuwar Sabon Gari. Makon jiya wani yaro ɗan unguwarmu ya same ni a shago, ya ce in ba shi dubu hamsin ya sa min tallan shagona a intanet, irin hoton nan mai faɗi da ke fitowa a sama ko a tsakiyar labari in kana karanta jarida a waya. Wai sunansa bana. Ni dai banar da na sani ita ce wadda ake bugawa a PZ a rataya a ƙofar shago ko wurin walima. Na ce ya ba ni lokaci. To wa ake biya kuɗin, mai jaridar ko wa? Ta yaya mutumin Tudun Wada zai ga tallana ba mutumin Fatakwal ba? Kuma tsakani da Allah, akwai wanda ya taɓa yi ya ga ciniki? Sallah na matsowa, ba na son in zuba kuɗi a rijiya.

Dan_Kwangila:
Wa alaikumus salam. Alhaji riƙe kuɗinka. Ni tun da nake ban taɓa danna irin tallan nan da gangan ba, sai dai in yatsa ya zame.

Injiniya_Samaru:
Alhaji barka da kasuwa. Ka ɗauki mai shafin jarida kamar mai gida a bakin titin Sakkwato, wanda dubban mutane ke wucewa ta gaban katangarsa kullum. Sai ya ware wani ɓangare na katangar ya ce na haya ne. Kana iya zuwa wurinsa kai tsaye ku yi ciniki, ya manna hotonka na wata guda. Ana yin haka har yanzu. Amma yawanci ba haka ake yi ba, akwai dillali a tsakiya, kuma babban dillalin shi ne Google. Mai shafi ya ba su katangarsa ta AdSense, kai kuma ka je ta Google Ads ka ajiye hotonka da kuɗinka, ka faɗi irin mutanen da kake so su gani: 'yan wane gari, masu wane shekaru, masu sha'awar me.

Abin mamakin shi ne gurbin ba naka ba ne kai kaɗai. Duk lokacin da wani ya buɗe shafin, gwanjo ake yi a take. Kwamfutocin masu talla su yi tayi, wanda tayinsa da ingancin tallansa suka fi shi za a nuna, kuma duk a gama kafin ƙiftawar ido, kafin ma labarin ya gama buɗewa. Shi ya sa ni da kai za mu buɗe labari ɗaya a lokaci ɗaya, ni in ga tallan kwamfuta, kai ka ga na mota.

Biyan kuɗi kuwa iri-iri ne. Akwai CPM, ka biya kan kowane fitowa dubu ɗaya, a danna ko kar a danna. Akwai CPC, ba za a cire maka ko kwabo ba sai an danna. Kai ne kuma za ka ƙayyade abin da za a kashe a rana.

Mai_Yadi_SabonGari:
Allah ya ƙara basira Injiniya. Wato ba yaron ake biya ba ke nan, shi ɗan aike ne?

Injiniya_Samaru:
Shi ladan aikinsa daban, kuɗin talla daban. Ka fara tambayarsa a cikin dubu hamsin ɗin nawa ne nasa.

Maman_Ilham:
Tun da an zo wurin, don Allah a warware min wannan. Na duba wata tukunyar girki ta lantarki a wani shafin sayayya, ban saya ba saboda tsada. Wallahi tukunyar nan ta bi ni kusan sati biyu. In buɗe labarai ga ta, in shiga duba girke-girke ga ta. Har na fara tsarguwa. Maigida ya ce wayar ce ke sauraron hirarmu.

Dan_Kwangila:
Maigidanki ya yi gaskiya. Na taɓa yin zancen taya da wani a gareji, da yamma sai ga tallan taya.

Injiniya_Samaru:
Hajiya Maman Ilham, naki ba ya buƙatar a saurari kowa. Lokacin da kika shiga shafin, an ajiye wata 'yar alama da ake ce wa kukis a burauzarki, wato manhajar da kike buɗe shafuka da ita. Ba lallai ta san sunanki ba, ta dai san cewa wannan wayar ta kalli tukunya kaza ba ta saya ba. Sai mai tukunyar ya ce wa dillali duk inda ka ga wayar nan nuna mata kayana, zan biya. Irin yaron shagon da ke bin ka har bakin ƙofar kasuwa yana cewa dawo a rage maka. Kuma a duk nau'in tallan bana, wannan na cikin waɗanda suka fi kawo ciniki, don wanda ake bi ya riga ya nuna yana so. In ya dame ki, shiga saitin burauza ki goge kukis. Burauzar Safari da Firefox ma sun daɗe da toshe irin wannan bibiyar da kansu.

Dan Kwangila, kai kuma bincika da kyau, ƙila ka nemi farashin taya a wayar ka manta, ko kana bin shafukan motoci.

Dan_Kwangila:
Ban manta komai ba. Amma na ji.

Bakano_a_Zazzau:
Zage-zagi ke nan! Mutum ya yi tambaya kan dubu hamsin an buɗe masa lakca kamar a ABU Kongo. Alhaji zo Kwari ka ga yadda ake sayar da shadda ba bana ba bara.

Yar_Kofar_Doka:
Bakano, ku da kuke zuwa nan neman ilimi ku koma da shi a buhu? Bari masu sani su yi magana. Kuma 'yan Kwarin naku yanzu duk a waya suke ciniki, kowa da shafinsa.

Hajiya_Turaren_Wuta:
Ni na yi talla kuma na ga amfaninsa, alhamdulillahi. Ina haɗa turaren wuta da humra a gida a Hanwa. Na sa hoto a Facebook da Instagram, na zaɓi mata kawai, Zariya da Kaduna da Abuja, wanda ya danna ya faɗo WhatsApp ɗina kai tsaye. Yanzu ina da kwastomomi a Abuja da ban taɓa ganin fuskarsu ba, sai dai in kai kaya tasha a ba direba. Abin da na lura, hoton da na ɗauka da wayata a kan faranti, hayaƙi na tashi, ya fi wanda aka tsara min mai rubutu da yawa jawo mutane.

Sadiq_Graphics_TW:
Hajiya, da girmamawa, naki ba shi ne abin da Alhaji ke tambaya ba. Naki talla ne na cikin kafar sada zumunta, yana shigowa tsakanin hotunan 'yan uwa da abokai, mutum na iya yin tsokaci a ƙasa. Bana kuwa a shafukan wasu da manhajoji take fitowa, kuma tana da ma'auninta kamar yadda tela ke da awo. Akwai 728 da 90, doguwar nan ta saman shafi a kwamfuta. Akwai 300 da 250, mai kama da akwati a tsakiyar labari. Akwai 320 da 50, siririyar da ke kwance a ƙasan waya. To a wannan siririyar me za ka rubuta? Kwanaki wani ya kawo min aiki yana son sunan shago, lambar waya uku, adireshi har da "kusa da masallacin Juma'a", da hoton kaya bakwai, duk a wurin da bai kai faɗin yatsa ba. Na ce masa ranka ya daɗe ko tururuwa sai ta sa tabarau. Hoto ɗaya, magana ɗaya, sai wurin dannawa.

Hajiya_Turaren_Wuta:
To ni duk talla na ɗauke su. Na gode ƙanina da gyara.

Dalibin_Kongo:
Ƙarin bayani kan maganar Dan Kwangila ta farko, don akwai gaskiya a ciki. Bana ta farko da ta shahara ta fito ne a watan Oktoban 1994 a wani shafi na Amurka mai suna HotWired, tallan kamfanin sadarwa na AT&T. An ruwaito cewa kusan kashi 44 cikin 100 na waɗanda suka gan ta sun danna, don sabon abu ne. Yau kuwa ko mutum ɗaya cikin ɗari ba ya dannawa a mafi yawan lokuta. Ido ya saba, yana tsallake gurbin talla da kansa, kamar yadda kake wuce allunan Kwangila ba ka karanta ko ɗaya ba. Ga kuma masu amfani da burauzar da ke toshe talla, irin Opera Mini da mutanenmu ke so saboda tattalin data.

Dan_Kwangila:
Yauwa! Ashe dai ba ni kaɗai ba ne.

Injiniya_Samaru:
Gaskiya ne, amma ba da dannawa kaɗai ake auna ta ba. Allon da ke Kwangila wa ya taɓa danna shi? Duk da haka kamfanoni na biyan kuɗinsa, don ranar da za ka sayi abu sunan da idonka ya saba gani shi zai fara zuwa maka. Bambancin, a intanet za ka ga lissafi: an nuna sau kaza, an danna sau kaza, daga gari kaza, da ƙarfe kaza. Mai allon titi ba zai iya ba ka wannan ba.

Abu_Hanifa_Lesson:
Bari in ba ku nawa labarin, don ni na sha. Ina da wurin koyar da ɗalibai masu shirin JAMB a wajen Palladan. Bara wani ya karɓi kuɗina ya ce zai yi min irin wannan tallan. Bayan kwana huɗu ya turo min hoton lissafi, an danna sau ɗaruruwa. Na yi murna har na sa aka ƙaro benci biyu. Shiru, ko kira ɗaya ban samu ba. Sai wani abokina da ya san harkar ya ce a buɗe masa asusun ya ga wuraren da tallan ya fito. Da ƙyar mutumin ya yarda. Ashe kusan duk a manhajojin wasan yara ne. Yaro ya karɓi wayar uwarsa yana tseren mota, tallana ya fito a ƙasa, ya doka da babban yatsa, a cire min kuɗi. Na biyu, wanda ya danna ɗin ma shafin da yake faɗawa nauyi gare shi, ya fi minti bai buɗe ba, kuma lambata na can ƙasa. Laifina ne da ban tambaya ba tun farko. Bencin nan biyu suna nan a jingine, duk na gan su sai na tuna.

Maman_Ilham:
Innalillahi. Malam ka yi haƙuri, ina jin har da yarana a cikin masu dannawar.

Sadiq_Graphics_TW:
Ana iya cire manhajojin wasa daga wuraren da tallan zai fito, wanda ya yi maka ne bai san aikinsa ba ko bai damu ba. Akwai wata matsalar kuma da ta shafi tambayar Alhaji ta Fatakwal. Za ka iya zaɓar Zariya, har ka zana da'ira ta 'yan kilomita. Amma ba kullum ake gane inda mutum yake daidai ba. Wanda ke amfani da datar waya kuma bai kunna alamar wuri ba, sau da yawa layinsa kan nuna yana Legas ko Abuja alhali yana zaune a Gyallesu. Wato wasu 'yan garin ba za su gani ba. Shi ya sa in ka matse da'irar sosai tallan ke tafiyar hawainiya.

Malam_Gyallesu:
Ni damuwata daban ce. Ina karanta wani shafi na wa'azi kwanaki, a tsakiyar bayanin azumi sai ga tallan caca, ƙasa kaɗan ga na masu ba da bashi da ruwa. Na san mai shafin bai zaɓa ba. To haka shi ma Alhaji, ina tabbacin ba za a manna shaddarsa kusa da hoton banza ba? Mutum ya gina sunansa shekara da shekaru.

Mai_Shafin_Hausa:
Allah ya gafarta Malam, wannan ɓangarena ne, ina da ɗan shafin labarai da Hausa. Kowane ɓangare na da linzami a hannunsa. Mai shafi na iya shiga ya toshe rukunin tallan caca da makamantansu, da yawa ba su sani ba ne ko suna ƙyashin kuɗin. Mai talla shi ma zai iya cire nau'in shafukan da ba ya so, ko ma ya lissafa sunayen shafukan da yake so kawai. Alhaji zai iya cewa shafukan labaran Hausa kaɗai.

Don ku san inda kuɗin ke zuwa: a tsarin AdSense mai shafi na samun kusan kashi 68 na abin da mai talla ya biya, kuma ba a turo maka sai ya taru ya kai dala 100. Mu masu rubutu da Hausa abin da ke shigowa kaɗan ne, saboda masu tayi a gwanjon kan masu karatunmu ba su da yawa. Amma wannan ɗin riba ce ga mai talla irin Alhaji, kasuwar da babu masu tayi da yawa kaya na araha. Sannan gargaɗi ga masu shafi: kar ka danna tallan shafinka, kar ka sa 'yan uwa su danna maka don taimako. Ana ganewa, kuma rufe asusu ake yi.

Alhaji_Kayan_Noma:
Duk na karanta. Ni ina sayar da iri da maganin feshi da taki. Masu sayen kayana manoman Giwa ne da Soba da Makarfi da Kudan. Mutumin da rediyonsa ke rataye a wuya yana gona ina ruwansa da bana? Sanarwa ɗaya a rediyo daf da faɗuwar damina ta fi min duk wannan. Kowa ya san inda kwastomansa yake kwana.

Jikan_Madinka:
Baba Alhaji, gaskiyarka a naka kayan. Mu kuma a cikin birni aikin hannu muke yi, babbar riga mai aska takwas da sauransu. Riga ɗaya sai ta ci watanni. Mai sayenta ba a unguwarmu yake ba, yana Abuja, yana Legas, yana Yamai ko Kumasi. Rediyon gida ba zai kai min can ba. Na gwada bana da hoto ɗaya na kusa, inda zaren ya fito sosai har kana ganin sawun allura, na rubuta "ɗinkin hannu na Zazzau" kawai. Mutum uku suka saya a wata biyu, amma ribar riga ɗaya ta biya kuɗin tallan duka. Da kayan ɗari biyar nake sayarwa da na faɗi.

Injiniya_Samaru:
Jikan Maɗinka ya taɓo inda gizo ke saƙar. Alhaji yi lissafin da kanka, misali ne kawai ba farashin gaske ba. A ce kowane danni naira 50, ka kashe dubu goma, mutum 200 sun shigo. A ce biyu suka sayi shadda. To kowane kwastoma ya tsaya maka dubu biyar. In ribarka a kansa ta wuce haka, ko kuma irin wanda zai dawo ne duk Sallah ya kawo iyalansa, ka ci. In atamfa turmi ɗaya zai saya ya tafi, ka yi wa Google aiki.

Lauya_Basawa:
Abu biyu a kiyaye. Akwai harajin VAT na kashi 7.5 da ake ɗorawa a kan kuɗin talla, Facebook sun fara karɓarsa daga masu talla a Najeriya tun Janairun 2022, don haka abin da ka zuba ba shi duka ne zai tafi talla ba. Sannan akwai hukumar kula da tallace-tallace, ARCON, wadda da ake kira APCON kafin dokar 2022, kuma hurumin ta ya haɗa da tallan intanet. Masu tallan magani su ma su sani sai da amincewar NAFDAC. Na faɗa ne saboda masu "maganin kowace cuta" da suka cika mana waya.

Bakano_a_Zazzau:
Lauya ya iso, saura alƙali. Alhaji wai nawa kake ba da shaddar ma? Ka ga na zama kwastoma ba ka kashe ko sisi ba.

Mai_Yadi_SabonGari:
Bakano zo shago, amma farashin Zazzagawa daban na baƙi daban.

Jama'a na gode ƙwarai. Na kira yaron ɗazu bayan la'asar na yi masa tambayoyinku. Ya ce dubu ashirin nasa, talatin na talla. Da na ce in mutum ya danna ina zai faɗa, sai ya ce ai zai sa lambata a jikin hoton. Na ce a buɗe asusun da sunana, sai ya fara cewa da nasa ya saba aiki. Ban ce macuci ba ne, yaron kirki ne na san mahaifinsa, amma kamar shi ma koyo yake.

Hajiya_Turaren_Wuta:
Alhaji tun da ba ka da shafi, fara da irin nawa mana. Ɗauki hoton shaddar da safe a hasken rana, a faɗo WhatsApp ɗinka. Amma ka sa yaron shago ya riƙa amsawa da wuri, mai tambaya in ya ji shiru awa biyu ya tafi wani wurin.

Sadiq_Graphics_TW:
Ni ma shi zan ce a wannan Sallar. Banar ta fi dacewa in ka samu ɗan shafi mai sauƙin buɗewa da za ta riƙa bin waɗanda suka leƙa. Ko kuma ka je kai tsaye wurin mai shafin Hausa da 'yan Zariya ke karantawa ku yi ciniki na sati biyu.

Mai_Shafin_Hausa:
Ƙofata a buɗe take. Zan nuna maka adadin masu shigowa da garuruwansu kafin ka ba da komai.

Jikan_Madinka:
Ban yarda a ce ya bar banar gaba ɗaya ba. Shadda mai tsada kamar rigarmu ce, mai sayenta na iya kasancewa a Abuja. Ya raba kuɗin biyu ya gwada kwana goma, duk wanda ya kira a tambaye shi a ina ya gani, a rubuta a littafin shago.

Alhaji_Kayan_Noma:
A raba uku dai, a sa rediyo.

Dan_Kwangila:
Ni har yanzu ina kan bakata. Kuma maganar taya ba a ba ni amsa mai gamsarwa ba.

Abu_Hanifa_Lesson:
Sadiq, wurin cire manhajojin wasan nan a ina yake a cikin saitin? Rajistar JAMB ta kusa, ina son in sake gwadawa da kaina, da dubu biyar tukuna.